Gwangwanin Bohumil

Asabar, ana yayyafi a Brno,
mu bakwai a gaɓar kogin Svratka,
waya a dama, buhun shara a hagu.
Wayar ta ce saura taku shida,
daga nan ta bar mu da ƙaya.

Vendula ta zura hannu kogon bishiya,
ta zaro gwangwanin shayi mai tsatsa:
maɓalli, tsohon tikitin jirgi,
ɗan littafin da danshi ya ci.

Shafin farko rubutun Bohumil ne,
wanda muka binne watan jiya:
"Wanda ya samu, ya mayar yadda ya tarar."

Muka jera sunaye ƙarƙashin nasa.
Radim ya bar alawa biyu.
Muka mayar, muka lulluɓe da ganye,
muka koma tsintar kwalabe,
ba mai cewa uffan.