Sunan da Zai Wuce Seme

Gobe suna. Rago na ɗaure a ƙarƙashin bene,
yana tauna kwalin da ruwan jiya ya jiƙa.
An ɗauke wuta tun la'asar,
janaretan maƙwabci sai tari yake.
Sahura ta kwantar da yaron a ƙirji,
ni ina zaune da biro da bayan rasidin asibiti,
kwana shida ina farautar kalma ɗaya a Agege.

A lasisin tuƙina na Ikeja ni Hashimu ne.
A katin Maraɗi, Hachimou.
Uwa ɗaya, cibiya ɗaya, tsaga ɗaya a kumatu,
amma ran da na ɗauko tayil daga Kwatano
wani mai kaki a Seme ya jera takardun a kan bonet,
ya ce, wanne ne kai, ina ka baro ɗayan?
Awa huɗu a rana da naira dubu bakwai
kafin aka yarda na koma mutum guda.

Ba na son ɗana ya sayi kansa a bakin hanya.

Na rubuta Usman. Can za su ɗinka masa O a wuya,
su ƙara e a gindi, rigar aro ke nan.
Musa zai tsallaka ya dawo da s biyu kamar ya yi ƙiba.
Haruna? Mai Faransanci haɗiye h yake kamar loma mai zafi,
a kira Aruna, yaro na waige-waige.
Sahura ta ce, sunan Baba fa?
Ɗahiru take nufi.
Na ce ƙugiyar nan ba ta da mazauni a kwamfutar kowa,
nan su daidaita ta, can su yanke ta.
Ta yi shiru,
irin shirun da ake rubutawa a littafin bashi.

Tukur ƙaninta, mai lodi a Apapa, ya bugo:
ku sa Adam, ko'ina ya shiga an san shi.
Na gwada da bakin malaminmu na lakwal,
sai m ta maƙale a hanci, ta ƙi fitowa.
Iya Sikira ta leƙo da kwanon farfesu,
ta ce mu yaro suna goma yake tashi da shi,
kowa ya kawo nasa a takarda,
ku ɗaya tak ya hana ku barci!
Ta tafi tana dariya har ƙasan bene.

Barcin kuwa bai zo ba.
Sauro, kukan jariri, wata danfo da ta kwana tana gyara.
Can da asuba lasifikar masallacin layinmu,
wadda batirinta ya kusa mutuwa,
ta ɗaga murya a dishe.
Sahura, idonta a rufe, ta ce, Bilal.

Na rubuta shi da hannun Legas.
Na rubuta shi da hannun Maraɗi.
Baƙi biyar, ba a ƙara ba, ba a sace ko ɗaya ba.
Na ɗaga rasidin kusa da tocila kamar mai duba jabun kuɗi.

Na kira Inna. Layi na yankewa.
Ta ce, madalla, sunan mutumin kirki.
Ana ruwa aka haife shi?
Na ce har gwiwa, a kafaɗa aka shigar da ungozoma.
Ta ce, to, ni Anaruwa na sani,
ku riƙe naku ku kai wa masu hatimi.

Gari ya fara haske. An zo da wuƙa da goro,
liman yana cire takalmi a ƙofa.
Na juya in ɗauki hula,
sai na ji Sahura ta sunkuya a kunnen yaron,
a hankali, don kada in ji,
tana cewa, Abba. Abbana, tashi.