Famfo Biyu a Ƙofar Ruwa

Na kwance shi da sifana goma sha uku,
na naɗe a tsumman da Baba ke goge hannu,
na hau ɗan sahu, na rungume shi a cinya
kamar mai kai jinjiri asibiti.

Ita tana can Kurna, gindin darbejiya,
koren fentin soja ya koma miyar kuka ta jiya.
A gwanjo Baba ya saye ta, shekarar da aka yaye ni.
Inda ta kai sojoji ba ta taɓa faɗa mana ba.
Mu albasa muka ɗora mata, da gawayi,
sau ɗaya kuma mutum arba'in zuwa jana'iza a Bichi.

Malam Ilu ya juya famfon a tafinsa,
ya danna harshen da babban yatsa, ya kara a kunne.
"Fatar ciki ce ta yage,
shi ya sa baƙin manka ke warin fetur.
Amma kar ka raina shi.
Wannan a kwanon inji yake ci:
inji ya juya, ya sha;
inji ya tsaya, ya kame bakinsa.
Ba ruwansa da batir, ba ruwansa da waya.
Ko a Falgore ta mace maka,
noti biyu ne, da gaskit
da za ka yanka a kwalin sukari."

Daga rumfar gaba Nazifi mai rewaya ya leƙo,
guntun waya a haƙoransa.
"Malam, ba shi labarin bazara mana.
Rana ta take, cunkoso a Kwanar Ungogo,
fetur ya tafasa a tiyo ya zama iska,
tsohonka na ta tsotson wofi,
masu hon a baya suna gaida iyayen direba."
Ya fito da nasa, sabo fil,
bai fi gwangwanin madara ba.
"Kusa da tanki zan ɗaure shi, turi ya iya, ba ja ba.
Ka murɗa makulli, tik, tik, tik,
kafireta ta cika kafin ka gama bismilla."

"Ta cika ta yi ambaliya," in ji Ilu.
"Ran da ka kife a kwalbati, wa zai ce masa ya isa?
Bai san an mutu ba. Zuba zai yi ta yi."
"Akwai fis. Akwai madanni."
"Akwai, akwai.
Da akwai ɗin motar Barau ta zama toka."

Ina tsakaninsu, kuɗin ɗaya ne a aljihuna,
kuma ba su nake ji ba.
Asuba nake gani, mota ta kwana bakwai ba tashi,
Baba a durƙushe, tiyo a baki,
yana zuƙa, yana tofarwa, yana tari,
ni a sitiyari ƙafata ba ta kai totur ba,
yana cewa yanzu, yanzu, murɗa!
Gemunsa har azahar fetur yake yi.
A sahu ma ta warin nake gane kafaɗarsa.

Na ce, Malam, ba ni fatar, a ɗinke tsohon.
Na ce, Nazifi, naka bashi, zuwa kakar albasa;
ka ɓoye shi ƙarƙashin bodi, inda ido ba ya kai,
ya tashe ta da safe kawai, sannan ya yi shiru.
Duka biyun suka ɓata rai.
Ilu ya ce an yi wa kandila baki biyu.

Yau kwana tara.
Tana tashi bugu ɗaya, bakina a bushe, ba ɗaci.
Sai dai in na danna, ya fara tik, tik ɗinsa,
nakan bar shi ya wuce ƙima,
har warin ya shigo ta tagar da ba ta rufuwa,
kafin in murɗa.