Kwaɓin Asuba

Ya iso Gadarif a bayan motar riɗi,
takalmi ɗaya nasa, ɗaya na wani,
mabuɗin gida rataye a wuya da igiyar caja.
Gidan kuwa yana Umdurman,
in har yanzu yana amsa sunan gida.

Na ce, sunanka?
Ya ce, Mu'utasim.
Na ce, ka iya kwaɓi?
Ya ce, shekara biyu na yi ina koyon gina gada.
Na ce, nan ba kogi, sai fulawa da ruwa da gishiri.
Wanke hannunka.

Ban tambaye shi labarin yayansa ba.
Mata ne a layin burodi suka tsegunta mini:
wai a bakin famfo ne, da jarka a hannu,
wai jarkar ko tsagewa ba ta yi ba.

Mako uku ban ga haƙorinsa ba.
Yana naushin kwaɓi kamar shi ya yi kisan,
ni kuwa na ƙyale shi,
kwaɓi ba ya kai ƙara,
duka ma laushi yake sa shi.

Sai wani ya fara zuwa bayan isha'i,
farar jallabiya, ƙamshinsa na riga shi sallama.
Bai taɓa sayen burodi ba.
Yakan ja yaron gindin darbejiya
ya kunna masa waya.
Daga bakin tanda nake hango hasken a fuskarsa,
shuɗi, irin na wanda ruwa ya ci.
Iska na kawo mini guntaye:
fansa, mazantaka, aljanna, albashi.
Har aya ya ja,
ya datse ta a tsakiya
kamar mahauci mai ɓoye ƙashi a ƙarƙashin tsoka.

Ni ba malami ba ne.
Izu biyu na haddace, ɗaya ya zube a hanyar neman abinci.
Ba ni da bakin kayar da mai turare.
Tanda gare ni,
da mutum ɗari huɗu a makarantar bayan kasuwa
masu kwana a ƙarƙashin allo,
waɗanda yunwarsu ba ta da ɓangare.

Daren da ya naɗe tabarmarsa, ina kallo.
Ban tare ƙofa ba.
Na ce, Mu'utasim, bayana ya riƙe,
ga buhu shida a jingine.
In ka tafi yanzu, yaran can da ruwa za su karya.
Kai musu na asuba, sannan ka kama gabanka,
hanya ba ta gudu.

Bayana lafiya lau.
Allah ya yafe mini.

Ya daɗe a tsaye.
Can na ji ƙarar buhu a ƙasa.
Muka yi aiki ba mai ce wa wani uffan
har ladan ya gyara murya.
Ya ɗora faranti a ka, ya fita,
tabarmar na nan a naɗe.

Hantsi ya yi, shiru.
Na ƙona tire guda saboda leƙen titi.

Sai ga shi, hannu fari fat,
ba farin fulawa ba.
Wai wata yarinya, Tasnim, ta tsinci guntun alli,
ta ce an ce shi mai gada ne, ya zana ta gani.
Ya zana. Suka ce ƙafafunta nawa, don me ba ta faɗuwa?
Suka hana shi tafiya sai ya yi alkawarin gobe.

Ba zan ce mun ci nasara ba.
Mai turare bai daina zuwa ba,
jiya ma na ga motarsa,
kuma ɗan maƙwabcina tun watan jiya ba labari.
Ni dai kowane dare nakan ƙirga tabarmi
kafin in rufe ido.

Gobe ma buhu shida ne.
Bayana kuwa, na gaya masa,
har yanzu bai sake ni ba.