Tauraruwar da Ba Ta Ji Tafi Ba

A Porto, a gaɓar kogin Douro,
inda kwale-kwale ke jigilar gangunan inabi,
nan kakata Otília ta yi tallar kifi
tun kwandon ya fi ta faɗi.
Zazzaɓi ya tafi da jinta tana shekara tara.
Ya bar mata baki, ya bar mata ido.
Idon ne jari.

Wani mai gashin baki, da akwati bisa ƙafa uku,
ya zo ɗaukar jiragen ruwa, ya ɓige da fuskarta.
Da gira take ciniki:
ta ɗaga ɗaya, farashi ya hau,
ta sauke, mai saye ya laluba aljihu.
Ya ce, wannan ina ruwanta da harshe?

Suka shafe ta da hoda fari fat,
suka zizara mata kwalli har gefen kunne
a ɗakin gilashi mai zafin tanderu.
Darakta ba ya kiran sunanta,
daɓen katako yake duka da diddige:
ɗaya, juyo; biyu, yi kuka;
uku, faɗi ki mutu.
Ta tafin ƙafa umarni ke shigarta.
Sau goma sha ɗaya ta mutu a shekara shida,
da guba, da tarin fuka, sau biyu a teku,
kullum ta tashi ta nemi miyar kabeji.

Majigi bebe, ita kurma,
tukunya ta sami murfinta.
Lisbon ta yi layi a cikin ruwan sama.
Mai fiyano na kaɗawa a gindin allo,
mata na jiƙa hankici,
hotonta ya hau kwalin sabulu da na ashana.
Ranar da ta hau dandamali aka ɗauki tafi,
ta ga hannuwa dubu na haɗuwa suna rabuwa
kamar kifin da aka juye a tebur.
Ta yi murmushi. Ba wanda ya gane.

Sai allo ya buɗe baki.

Aka rataya wani ƙarfe a saman kanta,
aka shimfiɗa bargo don kada takalmi ya yi ƙara.
Diddigen darakta ya nutse a bargon.
Ta tsaya tana jira. Ta yi ta jira.
Da ta yi magana, muryar 'yar shekara tara ta fito,
yadda aka ajiye ta, ba gyara.
Mai naɗar sauti ya zare abin kunnensa,
ya dubi ƙasa.

Ba ta yi kuka ba. Ba wanda ya buga biyu.

Faya-fayan kuwa a kilo aka sayar,
aka narka don 'yar azurfar da ke jikinsu.
Takan ce ƙila tana cikin cokalin wani.
Ta koma wa kwandonta.
Kifi ba ya tambayar murya.

Ina da shekara ashirin aka rushe wata tsohuwar silima,
aka tsinci gwangwani ɗaya a rufi, tsatsa ta ci shi.
Minti bakwai ne suka tsira.
Na riƙe hannunta muka hau matakala.
Ga yarinya a allo, hoto na ɓari,
saurayi ya durƙusa, leɓunanta na motsi,
rubutu ya fito: Zan so ka har kabari.

Kakata ta ƙyalƙyale da dariya,
irin ta wanda bai san ƙarfin muryarsa ba.
Mutane suka waiwayo.
Ita kaɗai a ɗakin ke karanta leɓe.
Na tambaye ta da ido.
Ta ce, "Cewa nake, Baltazar, ka taka min ƙafa,
kuma ka ci tafarnuwa."

A hanyar gida, kan gadar ƙarfe,
wata babbar mota ta wuce, gada ta girgiza.
Ta tsaya. Ta zare takalmi ɗaya,
ta dasa tafin ƙafarta a ƙasa, ta rufe ido.
Na taɓa kafaɗarta: nawa?
Ta ɗaga yatsa ɗaya.
Sai ta juyo a hankali, haɓa a sama,
tana neman inda haske yake.