Jinina Ya Koma Gida

Ranar da gwiwata ta ce ƙas a filin Ƙaura,
ƙwallo na cikin raga, ni ina cizon yashi.
Nomau ya goya ni a babur, ƙafa na reto
kamar aro na yi.

Mai ɗori ya ce ba karaya ba ce.
Ya shafa man kaɗanya, ya karɓi na goro.
Damina biyu ina sujada a kan kujera,
sahun tsofaffi.

A Gusau likita Barira ta ɗaure mini dantse,
ta zuƙi jinina a 'yar kwalba,
ta ba wata na'ura tana wulwulawa
yadda Inna ke kaɗa nono har mai ya taso.
Ja ya kwanta a ƙasa.
Sama wani ruwa, launin man gyaɗa.

Na ce, maganin ke nan?
Ta ce, naka ne, gwiwa zan mayar wa.
Alkawari kam ban ɗauka ba,
wani ya dace, wani bai dace ba.

Allura ta shiga.
Da gemuna na kira sunan uwata.

Yau mako bakwai.
Yara na atisaye bayan tashar jirgin ƙasa,
ni ina gefe, ina ɗaga ƙafa, ina ƙirga goma.
Jiya da asuba goshina ya taɓa tabarma,
gwiwa ta ɗan yi gunaguni, ta yi shiru.

Safar tsaron gidana na rataye a ƙusa.
Nomau ya roƙa sau uku.
Na ce masa tukuna.