Ƙarfe Uku na Dare a Ulanbator

Ƙarfe uku. Garwashin murhu ya mutu,
ruwan jarka ya daskare ya koma dutse.
Temulen ya buɗe baki, kukan nan nasa siriri
kamar ɗan akuyan da garke ya tafi ya bari.
Ban kunna fitila ba, ban lalubi ashana ba,
rigata na ɗaga kurum, na jawo shi jikina.
Abincin da ba ya jiran wuta,
ba ruwansa da cokalin awo ko wankin kwalba,
ga shi da ɗuminsa, daidai bakinsa.

Amma kada wani ya ce mini kyauta ne.
Makonni ukun farko kan nonona ya tsattsage
kamar diddigen mai kaushi.
In ya kama sai in ciji bargo,
in ƙirga sandunan rufin tantinmu,
in sake ƙirgawa har raɗaɗin ya lafa.
Surukata Dulma ta shafa mini kitsen wutsiyar tunkiya,
ta tura mini kwanon romo, ta ce,
"Shanye. Ba a tatsar saniya da yunwa."

A wata na huɗu masaƙa ta kira ni.
Ulu na jira, bashi ma na jira.
Kafin azahar ƙirjina ya cika ya yi tauri,
jiƙa biyu suka fito a gaban rigar aiki.
Narangerel ta keken kusa da ni ta miƙo gyalenta,
ba ta ce uffan ba, idonta na kan zare.
Na tatsa a banɗaki, a tsaye, minti goma,
ana ta ƙwanƙwasa ƙofa.
Abin da na samu bai kai rabin kofin shayi ba.

Ran nan Gantulga ya shigo da gwangwani a hammata,
mai hoton jariri, kumatu kamar an hura.
Kuɗinsa kuɗin kwal ɗin kwana tara.
Ya karanta bayansa a hankali kamar takardar kotu:
cokali huɗu, a shafe kai, tafasasshen ruwa ya huce.
Ruwan kuwa sai an tura kura zuwa famfon unguwa,
a bi layi a kan ƙanƙara,
gashin hanci na daskarewa.

Sai dai na gan shi ta wutsiyar ido,
ƙaton hannun nan mai baƙin man mota
yana ɗiga madara a wuyan hannu don jin zafinta,
ɗansa kwance a ƙirjinsa, suna kallon juna.
Daren nan na yi barcin awa biyar a jere.
Na farka da hawaye, ban san na daɗi ba ne
ko haushin ganin ya karɓi roba bai neme ni ba.

Malamar asibiti ta ce nono ya fi. Na sani.
Mai kanti ta ce na gwangwani ya fi sa ƙiba. Na ji.
Cikinsu ba wadda ta zo hura mana wuta da asuba.
Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Yanzu rana ta gwangwani ce, dare nawa.
Ƙarshen wata, in cokali ya fara kartar gindi,
mukan yi shiru, ni da Gantulga.
Ba mu taɓa tsinka madarar da ruwa ba,
naman miya muke ragewa.

Uku da rabi. Ya saki da kansa,
farin ɗigo a gefen baki, tafin hannu a buɗe.
Karnukan unguwa sun gaji da haushi.
Kwalabe biyu na can a kwano suna jiran wanki,
ruwan kuma sai an fasa shi da guduma.
Wannan aikin safe ne, kuma na babansa.
Na ja bargo, na rufe mu.