Awa Biyun Didam

Didam ya ce awa biyu ce kawai.
Ko dai ƙarya yake,
ko agogon mutanen Kagoro daban ne.

Mun bar gari raɓa ba ta bushe ba,
muka ratsa gonakin citta,
dutsen yana gabanmu, baƙi ƙirin,
ya yafa gajimare a kafaɗa ɗaya
kamar wanda bai gama shirin fita ba.

Daga nan hanya ta miƙe tsaye.
Ni da na shekara talatin a kan keken ɗinki,
gwiwata ta fara karanto mini laifuffukana.
Rema ta leƙo daga tsagin dutse,
ta dube ni, ta koma,
ba ta ga abin gudu ba.

A wani kwazazzabo ruwa na fita
daga inda ban ga ƙofa ba.
Na sa hannu, sanyi ya kama ni har haƙori.
Na sha, na wanke fuska, na sake sha.
Didam yana dariya, wai kakarsa
a nan take wanke acca.

Wasu samari sun wuce mu da rediyo
da kular shinkafa,
suna ɗaukar hoto a kan kowane fa,
ɗaya ya buɗe hannuwa kamar shaho.
Sai ga wata tsohuwa a bayansu,
buhu a kafaɗa, silifa a hannu,
ta ce mana sannu da aiki.
Aiki!
Mu da muka zo shan iska
a kan hanyarta ta zuwa gida.

Can sama, ashe ba tsini ba ne.
Fili ne, da ciyawa, da gonaki,
da awakin da ba su san suna bisa ba.
Iska ta cire mini hula, na bar ta ta ɗan yi yawo.
Kafanchan ta koma ƙyallin kwano,
motoci sun zama kiyashi,
bashin da ake bi na a kasuwa
ban hango shi ba sam.

Na kira Talatuwa, waya ta shiga.
Ta ce, ka kai?
Na ce, na kai.
Ta ce, to saura saukowa,
kuma man zafin ya ƙare.